Ta Ina Rana Ke Faɗuwa a Murada?

Akwai wani zane da kusan kowa ya taɓa gani, ko da bai san wanda ya yi shi ba. Ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma, jirage biyu ko uku a ɗaure a bakin gaɓa, rana ta yi jawur tana shirin nutsewa, haskenta ya ja doguwar hanya a kan ruwan har zuwa ƙafar mai kallo. Babu mutum ko ɗaya. Ana rataye shi a zauren otal, da ɗakin jiran likita, da saman doguwar kujera a falon amarya. A Kano galibi bugun inji ne daga Sin, cikin firam mai ruwan zinare. A Hartum da Umdurman na Sudan kuwa, kafin yaƙin 2023, mutum kan samu na hannu, wanda aka yi da fentin mai a kan ƙyalle, an sa masa jirgin katako irin na Nilu da dabino biyu a gefe domin ya zama na gida.

Masana zane ba su cika ɗaukar irin wannan aiki da daraja ba, kayan ado suke kiransa. Amma abin da mutane suka yi ta saye shekara da shekaru suna ratayewa a inda baƙo zai fara gani ya cancanci a tsaya a kansa. Daga ina wannan siffa ta zo, me ya sa manyan masu zanen Umdurman suka juya mata baya, me ya sa kasuwa ta riƙe ta, kuma me ta zama yanzu da aka yi luguden wuta a kan gaɓar da take nunawa?

Tashar jiragen Umdurman ta asali ita ce Murada. Sunan Larabci ne, wato inda ake gangarowa ruwa, abin da mutumin Yawuri ko Lakwaja zai kira kwata. Bayan faɗuwar Hartum a hannun Mahadi a 1885, Halifa Abdullahi ya mayar da Umdurman babban birni, nan kuwa jirage suke sauke hatsi da itace da katako. Ragowar ganuwar laka da mayaƙan Mahadi suka gina don harbin jiragen Turawa, wadda ake kira Ɗabiya, tana nan a gaɓar. Unguwar ta haifi kulob ɗin ƙwallo mai sunanta, wanda da shi da Hilal da Marrik ne aka daɗe ana kira manyan uku na Sudan. Can arewa kaɗan akwai Abu Rof, unguwar masassaƙa jirgi, waɗanda suke fafe itacen da suke kira sunuɗ, wato bagaruwarmu, su haɗa katako da ƙusa su toshe tsaga da tsumma. Abin da ya fi fito da sunan Murada a wajen mai ciki shi ne kasuwar kifi: bulɗi, wanda muke kira karfasa, da ijil, giwan ruwa ke nan, da garmuɗ, tarwaɗa. Kasuwar ta asuba ce. Wanda ya je da hantsi sai dai ya tarar da ƙaya da ƙuda.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Umdurman a gaɓar yamma take. Duk wanda ya tsaya a Murada ya fuskanci kogi, gabas yake kallo, tsibirin Tuti ne a gabansa, rana kuwa a ƙeyarsa take faɗuwa, can bayan gidajen birni da saharar da ke bayansu. Ba ta taɓa nutsewa a ruwan Murada ba ga wanda yake tsaye a Murada. Mai son ya ga jar rana a kan ruwa sai ya haye zuwa Tuti ko Shambat ya waiwayo, sannan zai ga Umdurman ta zama baƙar inuwa, hasumiyoyin masallatai da ƙubbar Mahadi sun tsaya a jikin jan sama. Saboda haka zanen da ya sa jirgin Murada a gaba, ya sa rana tana narkewa a ruwa a bayansa, bai fito daga idon wanda ya zauna a wurin da almuru ba. Daga wani zanen ya fito, shi ma wancan daga wani.

Idan aka bi sawun, a Turai za a tsaya. Wani Bafaranshe mai suna Claude Lorrain, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Rum a ƙarni na 17, shi ne ya kafa wannan tsari: rana ƙasa-ƙasa a tsakiyar ƙyalle tana kallon mai kallo ido da ido, manyan gine-gine a gefe ɗaya, sandunan jirage a ɗaya gefen, haske yana bin ruwa yana zuwa. Zanensa na tashar teku da faɗuwar rana na 1639 yana gidan tarihi na Louvre a Faris, wanda kuma ya nuna Sarauniya Bilkisu tana shiga jirgi, na 1648, yana Landan. Babu ɗaya daga cikin tashoshin nan da ta taɓa wanzuwa a doron ƙasa. Haɗa su ya yi a ɗakin aikinsa, ya ɗauko gini daga nan, hasumiya daga can, ya ajiye rana a inda take yi masa kyau. Turner na Ingila, wanda ya so aikin Claude har ya yi wasiyya a rataye zanensa biyu kusa da nasa, ya yi irin wannan a 1839 da ya zana tsohon jirgin yaƙi Temeraire, ƙaramin jirgin hayaƙi yana jansa zuwa inda za a farfasa shi. Yamma ake jan jirgin a kan kogin Tames, amma Turner ya ajiye faɗuwar rana a bayansa, wato a gabas, domin abin da yake son faɗa shi ne zamanin jirgin ya ƙare. Wannan zane ne yau a bayan takardar fam 20 ta Ingila. Don haka ɗan Umdurman da ya matsar da rana yana da magabata masu suna. Bambancin kawai, Turner ya san dalilin da ya sa ya matsar da ita.

Shi kansa fentin mai yana da hannu a cikin lamarin. Garin launi ake kwaɓawa da man 'ya'yan kattani, tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Wannan mai ba bushewa yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha a hankali har ya daskare, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Jinkirin nan shi ne sirrin. Mai zane yana da sararin da zai shafa ruwan goro kusa da shunayya ya yi ta goge tsakaninsu da busasshen burushi har a rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, kuma haka sama take da almuru. Sannan yana iya bari shafin farko ya bushe ya ɗora wani siriri mai shara-shara a kai, haske ya ratsa na sama ya bugi na ƙasa ya dawo, sai ka ga ruwan kamar yana da zurfi. Ƙa'idar ita ce shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi maiƙo. Wanda ya juya wannan, bayan 'yan shekaru zanensa zai tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Fentin roba na zamani, wanda yake bushewa cikin mintoci, ba ya ba da wannan dama, shi ya sa samansa kan fito da kaifi kamar allon talla. Kuma sai a 1841, da wani Ba'amurke John Rand ya ƙirƙiro bututun dalma da ake matso fenti daga ciki, masu zane suka samu sauƙin ɗaukar kayansu su je bakin ruwa. Monet ya zana tashar Le Havre a 1872 yana kallonta ta taga, da hazo da hayaƙin masana'antu da komai, kuma daga sunan wannan zane aka raɗa wa salon zanen su Monet suna.

A Hartum wannan jinkirin bushewa yana da nasa tsada. Garin ƙura ne. Daga watan Mayu zuwa Yuli habub kan taso, bangon ƙura mai tsayi kamar dutse, ya rufe gari da rana tsaka, kuma ko ba habub, ƙura tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Ɗanyen fenti kuwa ba abin da yake so kamar ƙura. Ga tsadar kayan, domin bututun fenti da burushi da ƙyallen kirki duk daga waje ake kawo su. Abin mamaki, ƙasar da ta fi kowace a duniya fitar da ƙaro, wanda shi ne mannin fentin ruwa, ita ce take sayen fenti da kuɗin waje. Tawadar gida kuwa tana nan tun tuni: a makarantun allo na Sudan, waɗanda suke kira halwa, kunkunniya ake haɗawa da ƙaro, kamar dai yadda almajirin Zariya yake dafa tasa.

Koyar da zane irin na Turai ya shigo ta Kwalejin Gordon. A tsakiyar shekarun 1940 wani malami Bature, Jean-Pierre Greenlaw, ya kafa sashen zane a can, wanda ya girma ya zama kwalejin zane da ke ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan a yau. Greenlaw kansa tashar ruwa ce ta kama zuciyarsa, amma ba ta kogi ba. Sawakin ce, tsohuwar tashar Bahar Maliya, tsibirin da aka gina gidajensa da dutsen murjani. Tun da Turawan mulki suka buɗe Bur Sudan a 1909 saboda manyan jiragen hayaƙi, fatake suka yi ta ƙaura, gidajen Sawakin suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Greenlaw ya zauna ya auna su, ya zana tagoginsu na katako da ƙofofinsu da tsarin ɗakunansu, aka buga littafin a 1976. Da yawa daga gidajen da ya zana yau tarin dutse ne, zanen ne ya rage. Ban san tasha mai natsuwa irin Sawakin ta wancan lokaci ba, kuma natsuwarta ta mutuwa ce, kasuwa ce ta watse.

Sawakin ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Nan ne ƙarshen tafiyar ƙasa ga alhazan da suka taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙafa da jaki, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa su yi noma ko dako su tara guzuri, wasu shekara biyar, wasu goma, wasu har abada. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi ɗansa Mai Wurno zuwa gabas, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar har yau sunansa yake ɗauke da shi. Jikokin waɗannan matafiya suna cikin masuntan Nilu, kuma naman da ake gasawa da ƙuli a titunan Hartum da dare sunansa agashe, ba sai an fassara wa kowa ba. Ga alhajin da ya iso Sawakin bayan shekaru a hanya, tasha wurin jira ce da ciniki da fargabar teku. Ita ma Sawakin gabas take kallo. Rana a bayan duwatsun Bahar Maliya take faɗuwa. Sai ya haye ya sauka Jidda sannan zai ga rana ta nutse a teku, a daidai wajen da ya baro gida.

Wanda ya fi kowa cancantar ya zana Murada shi ne Ibrahim El-Salahi. A Umdurman aka haife shi a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo. Ya yi karatu a sashen da Greenlaw ya kafa, sannan ya tafi makarantar Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da hannun da ya iya duk abin da Bature ya iya. Ya shirya baje kolin aikinsa a Hartum, irin wanda aka koya masa. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda aka cika ranar buɗewa, aka sha lemo, aka watse, ba wanda ya sake leƙowa. Maimakon ya ce mutanen ne ba su waye ba, sai ya tsaya ya tambayi kansa me suke ratayewa a ɗakunansu, me idonsu ya saba da shi. Amsar tana gidan ubansa: harafin Larabci, da allo, da adon da ake yi wa allon mai sauka, wanda suke kira sharafa, mu kuma muke kira zayyana. Ya fara sa haruffa a zanensa, sannan ya shiga farfasa su, ya ga fuskoki da dabbobi da jinjirin wata suna fitowa daga cikin gaɓoɓinsu. Launukansa suka koma na ƙasar da ya taka, ruwan ƙasa da jar laka da baƙi da farin ƙashi. Babban zanensa na farkon shekarun 1960 da ke gidan Tate a Landan, a kan damuriyya ya yi shi, saƙar audugar Sudan, da fentin mai haɗe da fentin gida mai ƙyalli.

Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag, ita ma haifaffiyar Umdurman a 1939, su ne ake kira Makarantar Hartum, da Usman Waƙi'alla a gabansu wajen sarrafa harafi. A daidai lokacin, a Zariya, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu a 1958 suna tambaya iri ɗaya: me ya sa ɗan Afirka zai kwana yana koyon inuwar tuffa a kan faranti? Ba a nesa da juna suke ba, domin kulob ɗin Mbari na Ibadan ya nuna aikin El-Salahi a farkon shekarun 1960. Kamala ta ƙara gaba, a 1976 ita da wasu suka fitar da sanarwar wata sabuwar tafiya da ta ƙi yarda a ɗaure mai zane da gado, ta koma zana fuskokin mata a wurin bori, wanda can suke kira zar, da tsirrai na tsakar gidanta.

Babu wanda ya shahara a cikinsu da zanen tasha da almuru, alhali kogin yana bakin ƙofarsu. El-Salahi da ya tashi ɗaukar wani abu daga gaɓar Nilu, bishiya ya ɗauka, haraza, gawonmu ke nan, mai zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Ya yi shekaru yana zana ta. Mutumin da gwamnatin Numairi ta kulle a kurkukun Kobar a 1975, wata shida ba shari'a, yana zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a rairayi, ba abin mamaki ba ne ya ga kansa a bishiyar da ta ƙi bin sahu. Kobar kuwa a bakin Shuɗin Nilu take. A 2013 gidan Tate Modern ya yi masa baje kolin aikin rayuwarsa, karo na farko da aka yi wa ɗan Afirka haka a can.

Amma kasuwa ba ta bi su ba, kuma ina ganin kasuwa tana da hujjarta. Ta farko ta addini ce. Akwai ruwayar da ta zo a Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya kawo kukansa wurin Ibn Abbas, shi kuma ya ba shi shawarar in dai dole ne, ya tsaya kan bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi ta saɓani a kan iyakar hanin, amma magidanci ba ya son rigima a falonsa. Ruwa da jirgi da rana ba sa hana kowa salla a ɗaki, ba sa sa surukin da ya zo gaisuwa ya ɗaure fuska. Wannan ne ya sa tashar take fitowa wayam, ba masunci, ba ɗan dako, ba mai shayi. Claude ya cika tasharsa da mutane suna jan igiya suna ɗaukar akwati. Da siffar ta iso gidajen Musulmi sai aka sallame su duka. Hujja ta biyu ta kewa ce. Tun shekarun 1970 'yan Sudan suke tururuwa zuwa Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha neman aiki, malamai da likitoci da akawu. Mutumin da ke zaune a bene a Riyad ba ya neman zanen da zai yi masa tambaya, yana neman wanda zai ce masa gida yana nan yadda ka bar shi. Ba na ganin laifinsa, kuma ba na ganin laifin ɗalibin zanen da ya gano cewa rana uku a kan jirgi da dabino za su biya masa kuɗin haya.

Abin da nake jin haushi shi ne asarar da aka yi, domin almurun gaskiya na wannan gaɓa ya fi na aron kyau nesa ba kusa ba. A Mugran, inda koguna biyu suka haɗu, ruwan ba launi ɗaya ba ne. Farin Nilu yana zuwa daga tafkin Biktoriya, ya ratsa fadamun Sudan ta Kudu ya baro lakarsa a can, ya iso a sanyaye da launin toka-toka. Shuɗin Nilu yana gangarowa daga tafkin Tana a tsaunukan Habasha, da damina ya zo da ƙarfi, jawur da laka, har ya tokare ɗan'uwansa ya hana shi wucewa. Sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya, da layi a tsakaninsu kamar ɗinki. Wanda ya shafa shuɗi ɗaya tun daga gaba har baya bai kalli wannan ruwa ba. Kogi kuma ba ya kwanciya irin ta tafki. Yana tafiya, saboda haka inuwar jirgi ba ta tsayawa cak a ƙarƙashinsa, tana karyewa tana jan jiki. A watan Agusta da Satumba babu zancen natsuwa sam: mutanen Tuti suna da tarihin tare ambaliyar 1946 da jikinsu da buhunan ƙasa, an sake sha a 1988, ta 2020 kuma ta wuce duk abin da aka taɓa aunawa. Sai da sanyi, ruwa ya ja baya, rairayi ya fito, manoma sun shuka gaɓa, iskar arewa tana tura jirgi yana haurawa, sannan ake samun abin da mai zane yake nema.

Shi ma almurun gajere ne. Hartum tana kusa da tsakiyar duniya kamar Kano, rana a miƙe take sauka, tsakanin faɗuwarta da duhu minti ashirin ne da 'yan kai. A Ingila da bazara hasken kan yi ninkin haka yana jan ƙafa, shi ya sa fentinsu ya saba da dogon shuɗi mai laushi. Namu kamar a hura fitila ne. Ga ƙura, wadda take cinye ƙarfin rana tun tana sama, ta mayar da ita farin faifai da za ka iya kallo ba ƙiftawa, wani lokaci ta ɓace kafin ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya yi hunturu a Katsina ya san wannan rana. Wanda ya tsaya a Murada ya kalli gabas a wannan ɗan lokaci zai ga abin da ban cika gani a kan ƙyalle ba: hasken ƙarshe ya bugi lambunan Tuti sun yi kore mai zinare, inuwar Umdurman tana rarrafe a kan ruwa tana hayewa, can ƙasan sama wani duhu-duhun shuɗi yana tasowa da jan-ja a bisansa, inuwar duniya ce kanta. Kuma wurin cike yake da sauti. Masu shayi sun jera kujerun roba, ana daka citta a zuba a jabana, butar gahawarsu, masallatai suna karɓar kiran salla daga bakin juna, uwa tana ƙwala wa yaro kira ya shigo gida domin magariba ba lokacin yawo ba ce, can ma kamar nan. Ran Juma'a kuwa, a maƙabartar Hamad al-Nil, 'yan Ƙadiriyya masu korayen riguna da ja suna zikiri da ganguna har rana ta faɗi.

Gaɓar ba ta taɓa rabuwa da bindiga ba, ko da zanen ya share ta. A ran 2 ga Satumba 1898 jiragen yaƙin Turawa ƙarƙashin Kitchener suna kan wannan ruwa lokacin da aka karkashe dubban mayaƙan Halifa a Karari, kuma ɗaya daga cikinsu, Melik, ya ƙare a matsayin ofishin kulob ɗin masu tuƙa jirgin shaƙatawa a bakin Shuɗin Nilu. A ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF. Tsofaffin unguwannin Umdurman na bakin kogi suka zama fagen daga, gida-gida, lungu-lungu. Gadar Shambat ta karye a watan Nuwamban shekarar. An yi watanni ana gwabzawa a kan ginin rediyo da talabijin, gidan da muryar Umdurman take fitowa, kafin soja su karɓe shi a Maris 2024. Tuti, wadda gadarta ɗaya tilo ta zama tarko, ta zauna a kewaye har mutanenta suka fice. Da soja suka koma tsakiyar Hartum a Maris 2025, aka tarar an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda yake 'yan taku daga Mugran, inda aka ajiye zanen bangon cocin Faras da aka ceto daga ruwan madatsar Aswan a farkon shekarun 1960. Masu zane sun watsu, wasu Alƙahira, wasu Nairobi, wasu Kampala, da yawa sun bar aikin shekaru a ɗakunan da ba su kulle da niyyar daɗewa ba. Tun kafin wannan ma an ga yadda zane yake da saurin mutuwa a garin: bangayen da matasa suka cika da fuskoki a zaman dirshan na 2019 a gaban hedikwatar soja, bayan an tarwatsa su ran 3 ga Yuni, fenti aka bi aka shafe.

Wannan ya sauya nauyin ɗan zanen nan na falo, ko masana sun so ko sun ƙi. Iyalin da suka tsere da jaka ɗaya, idan aka yi sa'a wani ya yanke ƙyallen daga firam ya naɗe ya cusa a cikin kaya, to yau shi ne Umdurman ɗinsu a bangon gidan haya a Alƙahira. A nan ne kuma bambancin da na yi ta nanatawa yake fitowa fili. Zanen da aka kwafo daga wani zanen ba shi da abin da zai ba su, domin jirginsa zai iya zama na kowane kogi, ranarsa tana faɗuwa a inda ba ta taɓa faɗuwa ba. Wanda mai shi ya je ya zauna a gaɓa ya kalla, ko da hannunsa bai ƙware ba, yana riƙe da abubuwan da yaro zai tambaya a nuna masa: yadda masassaƙan Abu Rof suke lanƙwasa ƙirjin jirgi, inda matakalar kasuwar kifi take sauka, gadar Shambat tana tsaye da ƙafafunta duka. Aikin da zanen Greenlaw ya yi wa Sawakin ke nan, shi da ya tafi da ma'auni da fensir.

Mutane sun fara komawa Umdurman, ta ma riga Hartum farfaɗowa, masunta sun koma ruwa. Cikin masu komawa akwai ɗaliban kwalejin zane, kuma wani a cikinsu zai ɗauki ƙyalle ya gangara Murada bayan la'asar. Zai tarar rana tana bayansa, inuwarsa ta riga shi shiga ruwa, Tuti tana gabansa da gidajen da ba rufi, kuma yana da minti ashirin kafin ladan ya kira.